Keken da Aka Saya da Sunan Bara'atu

Ranar da aka kawo keken, Bara'atu tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana ɓare gyaɗar iri, domin ruwan shuka ya sauka. Ta ji ƙugin mota a ƙofar gida, ta ji muryar yayanta Hashimu yana faɗa a sauke a hankali kada a kankare fenti. Can sai ga shi ya turo abin ta zaure. Keken guragu ne, sabo fil, shuɗi, mai ƙafa uku, irin wanda ake murzawa da hannu.

"Naki ne, Bara'atu," in ji shi, yana share gumi. "Daga yau kin gama jan ƙasa."

Ta ajiye faifan, ta rarrafa, ta shafa tayar da tafin hannu kamar mai shafa kan jinjiri. Tun tana ƙarama ciwo ya shanye mata ƙafafu. Rarrafen da kowane yaro yake yi ya bari, ita ba ta bar nata ba, ga shi har ta ba wa talatin baya. Silifa take zurawa a hannuwa, ta ɗaure gwiwoyinta da tsumma, ta je inda za ta je. Inda za ta je ɗin kuwa bai wuce madafa da banɗaki da ɗakin Inna ba. Innarsu ta fito tana hawaye tana shi wa Hashimu albarka, Murja matarsa ta rangaɗa guɗa.

Ba daga aljihunsa keken ya fito ba. Zaɓe ne ya ƙarato, wata gidauniya ta ware tallafi ga ƙungiyoyin sa-kai da za su shiga ƙauyuka su wayar da kan jama'a, musamman guragu da makafi da kurame, su fito su yi rajista su sami katin zaɓe. Hashimu, wanda tun da ya gama karatu yake zaman kashe wando a gindin darbejiya, ya tara abokansa suka kafa ƙungiya, suka raɗa mata suna Kowa Da Ƙuri'arsa. Ƙungiyoyi da yawa sun nema. Abu ɗaya ya fi su da shi: yana da gurguwa a gida. Ya faɗa wa masu tallafin cewa shi ciwon a jikinsa yake, uwa ɗaya uba ɗaya suke da ita, a bayansa ta girma. Bai taɓa goya ta ba ko sau ɗaya.

Cikin satin nan aka ce jami'ar gidauniyar, wata Hajiya Zakiyya, za ta zo daga Kano. Hashimu ya zauna a kan turmi yana koya wa ƙanwarsa abin da za ta faɗa.

"Ki ce, ni Bara'atu, nakasa ba kasawa ba ce. Ƙuri'ata 'yancina ce. Duk mai lalura irin tawa ya fito ya yi rajista, ba zai bi layi ba."

Ta maimaita har ta haddace. Sannan ta ce, "Yaya, da gaske ne ba ma bin layi?"

"Ke dai ki faɗa yadda na koya miki."

Ranar zuwan, Murja ta ara mata atamfa da mayafi, ta rambaɗa mata kwalli. Aka cicciɓe ta aka ɗora a keken. Ta kama mariƙin ta murza, sai keken ya tafi. Ya fita zaure, ya wuce masallaci, ya gangara burtali, yara suna bin ta da ihu. Ta ga gero ya fara leƙowa a kunya, kore shar har iyakar ganinta. Ta ga mata a bakin rijiya sun saki guga suna kallonta. Duk rayuwarta ƙafafun mutanen garin nan ta sani, ta san mai faso, ta san mai kaushi. Yau fuskokinsu take gani. Da ta juyo ta tsaya a gaban baƙuwar ta faɗi maganar da aka koya mata, ba haddar take karantawa ba, daga zuciyarta take fitowa.

Hajiya Zakiyya ta sa gefen mayafi ta share ido, tana riƙe da waya tana ɗauka. "Masha Allah. Ke kin riga kin yi rajistar, ko?"

Kafin Bara'atu ta buɗe baki Hashimu ya amsa. "Ai ita ce ta farko, Hajiya. Da kaina na kai ta."

Bara'atu ta dube shi. Ya ƙyafta mata ido.

Ƙurar motar Hajiya ba ta gama kwanciya ba ya ce, "To, sauko."

"Yaya, bari in ɗan ƙara zagayawa."

"Sauko na ce. Kayan ƙungiya ne, za a riƙa zuwa dubawa. In kika fasa taya wa zai biya?"

Murja ta karɓi atamfarta tun kafin la'asar. Da yamma kuma aka ce masu tallafi sun gindaya sharaɗi, dole ƙungiya ta kasance da ofis. Ɗakin Bara'atu ne kusa da zaure, shi ne ɗakin mahaifinsu marigayi, shi ne mai daɓen siminti. Aka kwashe tabarmarta da akwatinta da ɗan rediyonta aka kai ƙuryar gida, ɗakin da ake zuba harawa, jikin turken awaki. Aka sa tebur da kujera a ɗakinta, aka manna hotonta a bango, aka tura keken ciki, aka datse da kwaɗo.

"Na ɗan lokaci ne," in ji Hashimu.

Damina ta kankama. Gidan gangare ne, duk ruwan da ya sauka a tsakar gida ƙuryar nan yake nufa, ya haɗu da fitsarin awaki ya kwanta. Daga sabon ɗakinta zuwa banɗaki sai ta ratsa taɓon nan da hannuwa da gwiwoyi. Tsumman ba ya bushewa. Rufin ɗakin azara ce da ƙasa, ta gefe biyu yake yoyo, in hadari ya taso sai ta tattara kanta a lungu guda ta tara kwano a inda ya fi zuba. A kwanakin nan ne aka kawo sabon kwanon rufi aka buga a ɗakin Murja. Tana jin bugun gudumar har cikin haƙoranta.

Gwiwar hagu ta fara da ƙaiƙayi, ta koma ja, ta kumbura, ta fashe.

Keken kuwa bai zauna ba. Kowace safiya ana ɗaura shi a saman motar haya a tafi da shi. A kai shi ƙauyukan bakin dam ɗin Watari, a nemo gurgu a ɗora shi, a ba shi fosta ya riƙe, a ɗauki hoto, a sauke shi, a ba shi lemon kwalba. Wata rana ta ji warin fenti ya cika gidan. Ta ja jiki ta leƙa zaure. Hashimu ne tsugune da buroshi a hannu, keken shuɗi yana komawa ja.

"Yaya, me ya sami launinsa?"

Ya yi dariya. "Ba za ki gane ba. Su mutanen nan yawa suke son gani."

Ta gane sarai. Keke ɗaya ne, amma a hotunan da ake aikawa Kano ya zama garke.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne rediyo. An sa maganarta a talla. Tana zaune cikin warin turke, ƙuda suna bin gwiwarta, sai ta ji muryarta tana fitowa tas: "Ni Bara'atu, nakasa ba kasawa ba ce. Duk mai lalura irin tawa ya fito ya yi rajista." Safe da yamma take kiran guragun ƙasar nan su fito, ita kuwa ko zaure ba ta isa ta wuce ba. Da farko kashe rediyon take yi. Daga baya ta daina kashewa, ta riƙa saurare har ƙarshe, zuciyarta tana tafasa. An faɗa mata ƙuri'arta wani abu ne nata na kanta, wanda ba ara mata za a yi ba, ba kuma za a karɓe kafin la'asar ba. To, tana son ta gan shi.

Ta fara yi wa Murja magana, ranar da ta kawo mata ɗumame.

"Matar Yaya, ki taya ni roƙonsa ya ba ni keken ko na wuni ɗaya, in je Bagwai in yi rajistar nan. Daga can in biya asibiti a duba mini ƙafar."

Murja ta ajiye kwanon daga nesa, tana toshe hanci da gefen zani. "Ni 'yar karere ce a gidan nan, Bara'atu. Tsakanin wa da ƙanwa ina ni ina shiga? Kuma ke ma ki duba, mutumin nan ba ya zama, saboda irinku yake wannan wahalar."

Ta koma wurin Inna. Tsohuwar ta duba gwiwar ta yi salati, ta daka ganye ta shafa mata, ta yage tsohon zaninta ta ɗaure. Amma da aka zo maganar keke sai ta sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan. Shekara nawa yana nema bai samu ba, yanzu Allah ya buɗa masa. Tuwon da muke ci daga ina yake fitowa? Ke da ba ki saba da keke ba, me ya yi zafi?"

"Inna, da sunana aka saye shi."

"To, sunan naki ba shi ya taimaki gidan ba? Ai lada kike samu."

Da Baffa Muntaka, ƙanin mahaifinsu, ya shigo gaida Inna ranar Juma'a, ta tare shi a tsakar gida ta kwashe komai ta faɗa masa. Ya saurara yana jan carbi, ya gyara hula.

"Ke Bara'atu, mace, kuma mai lalura, me ya haɗa ki da zaɓe? Mu masu ƙafafun me muka tsinta a ciki? Ki gode wa Allah kina da ɗan'uwa da ya riƙe ki. Wasu irinki suna bakin titi."

Ya wuce, yana ɗage rigarsa kada ta taɓa taɓo.

Sai rediyo ya fara sanar da cewa an kusa rufe rajista. Ran nan ta ja jiki tun da sassafe ta zauna a tsakiyar zaure, inda ba mai fita sai ya tsallake ta. Hashimu ya fito cikin shadda mai maiƙo, yana turo sabon babur. Ta kama ƙafar wandonsa.

"Sake ni, za ki ɓata mini kaya."

"Yaya, ka kai ni in yi rajista. Ba keken ba ma, na bar maka. Ka ɗora ni a bayan babur ɗin nan."

"Ƙuri'arki ɗaya me za ta ƙara, me za ta rage? Ni dubban mutane nake wayar wa kai."

"Da muryata kake wayar musu."

Ya waiga ya ga ba kowa, ya rage murya. "Ke ba ki da tunani ne? Na riga na faɗa wa Hajiya ke ce ta farko. Duk ma'aikatan wurin sun san ni. Yanzu in kwashe ki in kai, a ce ƙanwar shugaba sai yau take rajista? So kike a hana mu kashi na biyu na tallafin?"

Sai a lokacin ta ga gindin abin. Ƙaryar da ya yi a gabanta ita ce ta zama katangar da ta tsare ta.

"To, ni zan faɗa wa Hajiyar da bakina."

Ya fizge ƙafarsa. Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya yi wani murmushi. "Ki faɗa mata mana. Da wace ƙafar za ki je?"

Ya tayar da babur, hayaƙin ya bugi fuskarta.

Ranar da za a rufe rajista ƙungiyar ta shirya babban taro a Bagwai, kusa da inda ake yin rajistar, Hajiya Zakiyya za ta zo da manyan baƙi. An sake wa keken fenti, ya koma kore. Ba a ara wa Bara'atu atamfa ba wannan karon. Ta ji Hashimu yana waya yana cewa ai zazzaɓi ya kwantar da ita, amma ta aiko da gaisuwa. Da zai fita ya ce da Murja ta sa sakata a ƙofar zaure.

An yi ruwa da asuba. Bara'atu ta jira har Murja ta shiga wanka. A bayan turke akwai inda awaki suka ɓarke darni suna fita. Ta zura silifanta a hannu, ta ƙara ɗaure gwiwar, ta kwanta ta bi ta ramin awakin. Kara ya yage mata riga. Ta faɗa gonar gyaɗar maƙwabta, ta bi tsakanin kunya tana ja, taɓo yana kama silifan yana cirewa, har ta gaji ta bar su a nan. Duk inda ta dafa gwiwar hagu sai ta ga wuta a idonta. Ba ta yi kuka ba. Haushi ya riga ya cinye hawayen.

A burtali ta ji ƙarar amalanke. Malam Sabo ne, wani dattijo mai shanun huɗa, zai kai itace Bagwai. Ya ja igiya ya tsaya, ya ƙura mata ido.

"Subhanallahi. Ba ke ce ta rediyo ba, 'yar gidan marigayi? Ina keken naki?"

"Yana Bagwai, Baba. Shi zan bi."

Ya dubi gwiwar, ya dubi sawun da ta bari a gonar. Bai ƙara tambaya ba. Ya sauko ya gyara mata wuri a kan itacen, ya ɗora ta.

Tun daga nesa suka jiyo lasifika, kuma muryarta ce take tashi a ciki. An kafa rumfuna, an jera kujeru, manyan baƙi suna gaba da ruwan roba a gabansu. An ɗaure wani ƙaton ƙyalle tsakanin itatuwa biyu, ga hotonta a jiki, tana kan shuɗin keke cikin atamfar Murja, tana dariya. A ƙarƙashin ƙyallen ga koren keke, an ɗora wata tsohuwar gurguwa a kai an ba ta fosta ta riƙe.

"In kai ki har ciki?" in ji Malam Sabo.

"A'a, Baba. Sauke ni a nan. Yadda nake zuwa ko'ina haka zan shiga."

Ta rarrafa ta tsakiyar taron. Mutane suka riƙa janye ƙafafu suna darewa. Wata mata ta dubi ƙyallen, ta dubi wadda take ja a ƙasa, ta dafe ƙirji. Surutu ya fara mutuwa daga baya zuwa gaba, har ya isa inda Hashimu yake tsaye da abin magana a hannu. Ya gan ta. Taɓo tun daga goshi har ƙafa, riga a yage, tsumman gwiwa ya rine.

Mutum ne mai saurin dabara. Ya ɗaga murya. "Jama'a, ga ta nan! Ga gwarzuwarmu! Duk da rashin lafiya, duk da kekenta yana wurin gyara, ta ƙi zama a gida. A tafa mata!"

Aka ɗan tafa, tafin da ba shi da ƙarfi. Ya tsuguna a gabanta yana murmushi saboda masu hoto, ya yi magana ta tsakanin haƙora. "Ki faɗi abin da na koya miki. Muna komawa gida keken naki ne, wallahi." Ya miƙa mata abin maganar.

Ta karɓa da hannun da yake ɗigar da taɓo.

"Sunana Bara'atu. Muryar da kuke ji a rediyo tawa ce, hoton can ma nawa ne. Ban yi rajista ba. An hana ni." Ta nuna koren keken. "Wancan shi ne keken da yake wurin gyara. Shi ne shuɗin, shi ne jan, shi ne koren. Guda ɗaya ne. Sau ɗaya na hau shi, ranar da Hajiya ta zo. Ɗakina aka mayar ofis, ni aka mayar da ni wurin awaki."

Hashimu ya yi wa wani abokinsa alama, janareto ya mutu. Ba ta tsaya ba. Ta ajiye abin maganar a ƙasa, ta kwance tsumman gwiwarta a gaban kowa. Na kusa suka kau da kai.

"Ga abin da na samu a tallafin. A ɗauki hoton wannan ma a aika."

Ba wanda ya ɗauka. Hajiya Zakiyya ta riga ta ɗaga wa mai bidiyo hannu ya sauke na'urarsa. Ta taso da sauri, ta tattare lesinta ta rage tsawo, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Sannu, 'yar'uwa, sannu. Wallahi ban sani ba. Za mu bincika, na yi miki alkawari. Amma ba a nan ba, kin ga akwai manyan baƙi. In maganar nan ta fita, ba ƙungiyar yayanki kaɗai za ta shafa ba, duk shirin ne zai tsaya."

"Hajiya, ranar da kika zo kin tambaye ni, wani ya amsa, kika karɓa. Ina zaune a gabanki da bakina."

Hajiya ta waiga wajen manyan baƙi.

Bara'atu ta juya ta ja jiki zuwa gindin keken. Fostar ta faɗi daga hannun tsohuwar da ke kai.

"Iya, ya sunanki?"

"Maijidda. Ni ban san naki ba ne, 'yar nan. Cewa aka yi in hau, in an gama hoto in sauka. Bari in sauka."

"Kada ki sauka."

"Iye?"

"Ki riƙe mariƙin nan da kyau. Ki murza shi har gida. In ga wanda zai sauke ki a gaban mutanen nan."

Tsohuwar ta dubi Hashimu, ta dubi jama'a. Sai wani daga baya ya ce, "Ta tafi da shi!" Wasu suka amsa. Maijidda ta damƙe mariƙin da hannu biyu, ta murza. Keken ya yi gaba, mutane suka buɗa mata hanya. Hashimu ya ɗaga ƙafa zai bi ta, ya ga idanun da suke kansa, ya mayar da ita.

Bara'atu kuwa ta nufi inda ake rajista. Layi ne har bakin titi, amma ma'aikatan suna hango ta suka taso, mata biyu suka ɗaga ta suka zaunar a kujera. Wata ta kawo ruwa ta wanke mata yatsu, domin na'urar ba za ta karanta su da taɓo ba. Aka tambaye ta sunanta, ta faɗa da kanta. Aka ce ta dubi nan, ta duba. Ba ta yi dariya a wannan hoton ba. Da aka gama, Malam Sabo ya biya da ita asibiti aka wanke gwiwar. Ma'aikaciyar jinyar ta ce da an ƙara kwanaki, da sai dai wani zancen.

Duk mai jiran ya ji an kama Hashimu, to ya daina jira. Binciken da Hajiya ta yi alkawari bai wuce waya biyu ba, domin ita ma tana da na sama da ita, kuma su ma labari mai daɗi suke so. An cire tallar daga rediyo, an naɗe ƙyallen. An ɗan ja wa ƙungiyar rai, sai ta canja suna, ta sami wani makaho a ƙauyen gaba, aka koya masa abin da zai faɗa. Haka abin yake tafiya. A zauna a ofis mai sanyi a ware tallafi domin a jawo waɗanda aka bari a baya, sai mai wayo ya waiga cikin gidansu ya ga yana da irinsu, ya wanke su ya kai kasuwa kamar tumatir, in an watse ya mayar da su inda ya ɗauko. Kuma ba shi kaɗai yake yi ba. Da mai toshe hanci, da mai cewa a yi haƙuri, da mai ɗage riga kada ta taɓa taɓo, da mai sauke na'urar hoto, kowa ya kama masa.

A gida ba a dake ta ba, ba a kore ta ba. Abin da aka yi mata ya fi haka sanyi. Hashimu ya toshe ramin awakin da ƙaya, ya daina amsa gaisuwarta. Murja ta koma aiko mata da tuwo a bakin ƙofa kamar mai ba wa kare. Baffa Muntaka ya zo takanas ya tsaya daga nesa ya ce ta zubar da mutuncin zuriya, mahaifinta yana kabari ta sa ana nuna gidansa da baki. Ofis ya ci gaba da zama ofis.

Da yammacin wata rana, bayan an ɗauke ruwa, Inna ta lallaɓo ƙuryar gidan da ruwan ɗumi a kwano. Ta zauna a kan harawa, ta kwance bandejin tana gasa mata gefen ciwon a hankali. Sai tsohuwar ta fara hawaye.

"Ni ban ce bai zalunce ki ba, Bara'atu. Na sani. Amma a gaban duniya? Ɗan'uwanki ne fa. Duk abin da mutum yake nema a rayuwar nan bai wuce rufin asiri ba, ke kuma kin je kin tona mana."

Bara'atu ta dubi hannuwan uwarta a kan gwiwarta, ta dubi ruwan da yake ɗiga daga azara yana faɗawa cikin kwano.

"Inna, tun ina yarinya nake jin ana roƙon rufin asiri a gidan nan, ina cewa amin. Ban san ni ce asirin ba. Ni ake rufewa."

Inna ta tsaya da tsumman a hannu.

"Ki gama ɗaure mini," in ji Bara'atu. "An ce katin zai fito kafin zaɓe, kuma da kaina zan je in karɓa. Ki faɗa wa Yaya ya ƙaro ƙaya."